Ɗan Fari da Zanen Gwaji

A atiliyen ɗinki da rini na Hajiya da ke bayan unguwar Kara-Kara, ni kaɗai ce mai goyo a waccan bazarar. Mu masu zama kan keken ɗinki duk mata ne, marina kuwa maza, suna can bayan gida da tukwanensu. Cikin matan wasu sun yaye, wasu ƴaƴansu har sun shiga lakwal suna karatun boko, wasu ba su yi aure ba tukuna. Ni ce ƙarama cikin masu aure, yaron da ke bayana kuma shi ne na fari.

Gwaggon mijina ce ta sama mini aikin. Ita ce babba a ɗakin ɗinki, kekenta na jikin nawa. Dangin mijina mutanen Zermu ne, kuma kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. Ƴan matan birni na yanzu sai ka gan su suna sumbatar jariransu suna ɗaukar hoto da salula, ba mai ce musu kanzil. Ni kuwa tun ranar suna aka zaunar da ni aka karanta mini: ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa gaban manya, in ya yi kuka ba ni ce zan fara zabura ba, in an tambaye ni lafiyarsa in ce lafiya in kau da kai. Na riƙe, don ina son a ce mijina ya auro mai tarbiyya. Sai dai Allah ya yi ni mai tsoro. Ko tari yaron ya yi sai in ji kamar in zabura. Na koyi duba shi da wutsiyar ido, na koyi kai hannu baya in taɓa jikinsa kamar ina gyara ɗaurin zane.

Lokacin da na fara aiki akwai wata mata da muke ce wa Madam. Aikinta na da dogon suna na Faransanci wanda ban taɓa iya faɗa ba, amma na ga abin da take yi. Ita ke cewa ga abin da za a ɗinka gaba. Ba ta cika zaman biro ba, wato ofis ɗinta. Sai ta tafi kasuwa ta tsaya tana kallon abin da mata ke ɗagawa su ajiye, ta je gidan suna ta zauna cikin ƴan barka tana shafa zanen kowa, ta dawo ta zana a takarda, ta shiga wajen marina su yi ta gardama kan launi. In sabon yadi ya fito daga tukunya, ba mai kai masa almakashi sai ta gama da shi. Ta wanke wani ƙyalle, ta jiƙa wani a ruwan gishiri don ta ga yadda zai yi da gumi, ta shanya wani a kan soro rana ta dake shi, wani kuma ta ɗaura a damtsenta ƙarƙashin riga ta yi ta yawo da shi. Masu ga-ruwa sun san ƙofarmu saboda ita. Hajiya kullum cikin mita take, wai garin da mutane ke bin layin famfo tun asuba, ita Madam wanka take yi wa tsumma.

Madam ce ta kawo maganar zanen goyo haɗe: zane da majanyi a ɗinke wuri guda, da mazaunin yaro da maɗauri masu faɗi, don mace ta goya ba sai ta yi ta gyara ba in tana kan babur ɗin kabu-kabu ko tana duƙe a gona. Da ɗan buhun gero ta fara gwadawa, ta goya shi tana zagaya tsakar gida muna ta dariya. Sai da buhun ya daina zamewa ta zo kan yarona, da farin yadi wankakke wanda bai ga rini ba. Kuma ta san yadda ake tambayata. Sai ta leƙo ɗakin ɗinki ta ce in kai mata almakashi, ina shiga biro ta tura ƙofa.

"To, nan babu Gwaggo. Ina ya matse shi?"

Sai in saki baki in faɗa mata har abin da ba ta tambaya ba.

Ba a kai ga rina zanen ba wani kamfani na Yamai ya ɗauke ta. Ashe an daɗe ana zawarcinta. Mutanen Kano sun zo har gidanta, wasu daga Kwatano suna ta kiran salularta. A lokacin na fara sanin irinta ba su da yawa, kuma duk mai masaƙa ko marina ko babban atiliye nemansu yake ido rufe. Masu ɗinki irinmu ko yau aka ce ana nema, kafin azahar ƙofa ta cika. Wanda zai ce wannan za a yi, wancan ba za a yi ba, kuma in an yi ya tsaya a kai, shi ne ya yi wuya. Kafin ta tafi ta roƙi Hajiya ta ba ta wata cikinmu ta koya mata ko da gwajin yadi ne. Hajiya na cikin fushi, ta ce ba ta son komai nata ya rage a gidan.

Aka sa sanarwa a rediyo. Mutane sun zo. Wani saurayi mai difiloma ya zagaya, ya ga babu injin da ya saba da shi, ya koma. Wata ta zo daga Maraɗi, aka yi magana aka gama, ranar da za ta fara aiki ta bugo ta ce wasu sun tare ta da abin da ya fi. Wani kuma Hajiya ce ta ƙi shi, wai yana mata magana hannu cikin aljihu. Kujerar Madam ta zauna ba kowa, har muka fara jibge zare a kanta.

Sai ƙanen Hajiya ya ce zai riƙe kafin a samu. Kayan babur yake sayarwa a kasuwa, mutum ne mai fara'a, ban taɓa jin ya yi wa kowa tsawa ba. Alhaji muke ce masa. Ya ɗauko zanen goyon daga inda Madam ta bari, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce abu ɗaya ya rage masa, ƙyalli. Mace in za ta gidan biki tana son goyonta ya yi sheƙi kamar shadda. Wannan gaskiya ne, ni ma na sani. Ya kawo wani ruwa a jarka, babu rubutu a jikinta, ya ce a tsoma yadin ciki bayan rini. Babban marini ya shinshina ya kau da kai, ya ce shi bai san wannan ba.

"Ai shi ya sa ake ce masa sabo, Malam," in ji Alhaji.

Yadin ya fito shuɗi mai duhu, yana ɗaukar ido, in an taɓa shi yana ƙara kamar takarda. Da wata ta yi maganar wanki, Alhaji ya ce in an wanke ƙyallin zai tafi. Hajiya ta ce dama ruwa ya yi wuya. Marini ya ce shi dai an ce ya tsoma, ya tsoma. Gwaggo ta ce ita ɗinki aka ba ta. Kowa ya faɗi tasa ya koma wurinsa. Ban ji wanda ya ce a yi ba, ban ji wanda ya ce a bari ba, muka dai wayi gari zanen na ɗinke.

"Ina mai goyon nan?" in ji Hajiya. "Zo a gwada a kan angon Gwaggo."

Aka kwance yaron daga tsohon zanena aka sa shi cikin sabon. Irin zafin nan ake yi wanda duwatsun gari ke riƙewa su yi ta amayarwa har bayan la'asar, yaron daga shi sai ɗan wando. Kowa ya yaba, kuma abin ya yi kyau, ba zan ce bai yi ba. Alhaji ya ɗauke mu hoto. Hajiya ta ce daga yau da shi zan riƙa yini har ranar baje koli da za a yi cikin gari, don masu shigowa su fara sabawa da gani.

Tun yinin farko ya fara mutsu-mutsu yana goga fuska a bayana. Da na kwance shi a gida na ga bayan gwiwoyinsa da hammatarsa da wuyansa sun yi ja, shuɗin kuma ya kwanta cikin lanƙwasar fatarsa. Na wanke, na shafa masa man kaɗe. Washegari aka sake ɗaurawa. Ba a jima ba jan ya zama ƙuraje masu ruwa, wasu suka fashe. Yaron da ba ya kuka sai na yunwa, ya zama da ya hangi shuɗin nan sai ya sandare yana tura ni da ƙafa.

Tambaya kam an tambaye ni. Hajiya ta shigo ɗakin ɗinki ta tsaya a kaina, Alhaji na bayanta, mata duk sun tsayar da keke, Gwaggo na gefena.

"Ke, yaya mutumin naki yake jin sabon zane?"

Na ji idon Gwaggo a kuncina. Na sunkuyar da kai na ce, "Lafiya lau, Hajiya."

"Ka ji ko," ta ce wa Alhaji. "Uwarsa da bakinta."

Gwajin ke nan gaba ɗaya. A kan wannan amsa aka yanka yadi dami-dami. Abin da ke ƙona mini rai har yau, babu mace ɗaya a ɗakin nan da ba ta san matsayina ba. Hajiya kanta ta yi wa nata ɗan farin kunya, har yanzu da yake da furfura a gemu ba ta kiran sunansa. Ta san ko wuta yaron ke ci a bayana haka zan ce. Ta tambaye ni a inda ta san amsa ɗaya ce gare ni, ta ɗauki amsar ta yi gaba da ita.

Na bi hanyar da aka ce ita ce hanya. Na fara da mijina. Ya dubi ƙafar yaron da sauri kamar mai satar kallo, ya ce shi ma ɗan farinsa ne, da wane baki zai je gaban Gwaggo? Amma ya ɗauke mu a babur ɗin da yake kabu-kabu da shi ya kai mu likita. Matar da ke duba yara ta tambaye ni me ke taɓa wurin, na faɗa mata. Ta ba ni man shafawa, ta ce a raba shi da yadin nan. Ta faɗa a sauƙaƙe, kamar mai cewa a rufe taga.

Na gwada Gwaggo. Muna hanyar gida na kewaya na kewaya, sannan na ce, anya yadin nan bai yi wa fatar jarirai kaushi ba?

"Jarirai ko jariri?" ta ce tana dariya. "Yarinya, kin fara ke nan? Ƙurajen zafi ne, kowane yaro na yi da bazara. Ni angona ba raggo ba ne."

"Gwaggo, a likita sun ce..."

"Har likita kuka je? Ke da wa? To kada in ji wannan a bakin kowa. So kike a ce ni na kawo marar kunya gidan Hajiya?"

Sai na aika Zermu a kira uwar mijina. Kaka ita ke da baki a kan jika. Abin da ni ban isa in furta ba, ita tana iya tsayawa tsakar gida ta faɗa kowa ya ji. Inna ta zo a motar kasuwa, ta ga ƙafar yaron ta tsuke baki, ta ce in wuce mu je. Na bi ta a baya zuciyata wasai. Hajiya ta tarbe ta hannu biyu, aka yi mata shimfiɗa a biro, aka kawo fura da ƙanƙara, aka yi ta gaisuwa har aka tono dangantaka ta wajen wata kaka da ta rasu tun ba a haife ni ba. Hajiya ta ɗauko turmin atamfa ta ajiye gabanta, ta ce ai jikanta ne tauraron gidan, hotonsa ma za a kafa a baje koli. Ina tsugune bakin ƙofa ina jiran Inna ta fara. Ta kuwa fara.

"Hajiya, wannan miji nawa ya ɗan yi ƙuraje."

"Zafi ne, Inna. Bana kowa ya ji a jikinsa."

"Zafi kam," in ji Inna. "Mu ma can haka."

Maganar ke nan. Da muka fito ta ce mini Hajiya mutuniyar kirki ce, ba a shiga gidan mutum a ci a sha a tashi da faɗa. Ta ce in riƙa sa masa ƙyalle ta ciki. Na sa. Gumi ya jiƙa ƙyallen, shuɗin ya ratsa, Alhaji kuma ya ce gefensa na leƙowa yana ɓata tsari.

Na yi tunanin barin aikin. Amma in babur ya lalace, ɗinkin nan ne ke ɗora tukunyarmu, kuma in na fita haka kawai na watsa wa Gwaggo ƙasa a ido gaban dangi. Abin da na iya shi ne ƴan dabaru. In goya shi da tsohon zanena har bakin lungu sannan in sauya. In yi ta zuwa ban ɗaki don in sassauta maɗaurin in fifita masa ƙafa. In an tashi sallar azahar in daɗe kan darduma, shi yana kwance tsirara a gefena, har Gwaggo ta ce wannan salla tawa ta fi ta limami tsawo.

Ranar baje koli aka kafa rumfuna a wani fili, ga dukawa da jakunkunansu na fata, ga masaƙa, ga masu turaren wuta, ga mu. Aka sa mini riga da ɗankwali na yadin, aka goya mini yaron, aka ce in riƙa kai da komowa gaban rumfa. Hotonsa na rataye a sama, babba, na ranar farko tun fatarsa na sumul. Hajiya ta ci ado, tana ta nan-nan da wata baƙuwa mai gilashi da ta zo daga Yamai. Tun safe an gargaɗe mu cewa ita ce wadda ake fatan ta hau kujerar Madam, kuma ba mu kaɗai ke nemanta ba, kowa ya kama kansa.

Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Da hantsi ya ɗaga sai ya yi shiru, ya kwantar da kai, jikinsa ya yi zafi fiye da na rana. Shirun nan ya fi kukan tsorata ni. Ina tafiya ina murmushi ga masu kallo, kunnena duk yana bayana ina sauraron numfashinsa.

Wata mata ta tsaya. Ta ce daga Gidimuni suke, sun kawo kayan lambu kasuwa ita da mijinta. A bayanta akwai jaririya da ba ta daɗe da yin arba'in ba, wuyanta na lilo, fatarta kamar a taɓa ta huje. Matar ta ɗaga zanen ta shafa, ta gwada maɗaurin a ƙugunta, fuskarta ta nuna ta so shi. Alhaji na ta yi mata bayani. Sai ta juyo gare ni.

"Ƴar'uwa, ke da kike goye da shi, ba ya damun yaro ko?"

Gwaggo na naɗe kaya a tebur, ta ɗago kai. Hajiya ta dube ni tana murmushi, baƙuwar ma ta juyo. Amsar nan tawa ta kullum har ta zo bakina. Na dubi wuyan jaririyar, na ji zafin nawa a gadon bayana, sai na ga hannuna yana kwance maɗaurin. Na juyo da shi gaba. Yadin ya manne da ciwon bayan gwiwarsa, da na ɗaga ya taho da fata. Yaron ya buɗe baki, sauti bai fito ba. Na kira sunansa, gaban Gwaggo, gaban kowa, na sake kira har ya dube ni.

Na ce wa matar, "Ɗana ne. Duba ƙafarsa."

Ta duba. Ta ajiye zanen a hankali kamar wani abu zai fito daga ciki, ta kai hannu baya ta dafa jaririyarta, ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta wuce. Matan da ke kusa suka matso. Baƙuwar ta tsuguna ta ɗaga hammatar yaron ta duba, ta ɗauki zane ɗaya daga tebur ta shinshina, ta lashi yatsa ta goga a kai, yatsan ya fito shuɗi.

"An wanke wannan bayan rini?"

Ta miƙe tsaye ta sake jefo tambaya.

"Wa ya ce a fito da shi?"

Alhaji ya dubi Hajiya. Hajiya ta ce, "An gwada. Uwar yaron ta ce lafiya lau."

Baƙuwar ta dube ni, ta dubi Gwaggo, ta sake duba ni. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce a kwashe su daga tebur yanzu, kuma a kai yaron likita. Hajiya da hannunta ta kwashe, mutane na kallo. Wata mai turaren wuta ta ara mini zanenta na goya shi, na tari kabu-kabu.

Zazzaɓin ya sauka bayan allura, ciwon ya ɗauki lokaci kafin ya kame. Da na koma aiki Hajiya ta kira ni biro, wannan karon ta tura ƙofa.

"Me ya hana ki faɗa mini tun farko? Ni dodo ce? Sai da kika bari na tara mutane?"

Na tsaya ina kallon ƙasa cike da haushi. Ita ce fa ta tsaya a kaina gaban Gwaggo. Ita ce ta cika wa Inna ciki da fura. Na fito daga nan na tarar da ɗaya rabin faɗan a ɗakin ɗinki. Gwaggo ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce wa ta gefenta, ba ni ba, wai ita tun da take ba ta taɓa jin mace ta tsaya tsakiyar fili tana rangaɗa sunan ɗan fari kamar mai tallan goro ba. Matan suka sa mini "uwar ɗana". In na shigo sai wata ta ce, "A ba uwar ɗana hanya." Labari ya riga ni zuwa Zermu. A biro laifina na yi shiru, a ɗakin ɗinki laifina na yi magana, tsakanin ƙofofin biyu kuwa ko taku goma babu. Wanda ya kawo jarkar ba a sa masa suna ba. Har yau fara'arsa na nan.

Baƙuwar ba ta karɓi aikin ba. Na ji ta ce sai an janye duk abin da aka sayar, sai kuma an ba ta iko ta ce a'a ko da Hajiya ta ce i. Hajiya ta ce a ba ta lokaci ta yi tunani. Kafin ta gama tunanin, masu wata masaƙa sun ɗauke ta. Zanen da suka rage aka wanke, masu ga-ruwa suka yini shiga da fita, shuɗin ruwa ya bi lungu har bakin titi, ƙyallin ya tafi. Waɗanda ƴan kasuwar ƙauye suka riga suka sara kuwa sun tafi ke nan. Wani lokaci ina kan keke sai in tuna akwai wata mata can wajen da ban sani ba, tana shafa wa ɗanta man kaɗe tana cewa zafi ne.

Da damina ta faɗi aka rina wani sabon dami. Alhaji ya ce wannan karon babu ruwan jarka, wani gari ne kawai aka zuba don launi ya kama, kuma mai sayarwa ya rantse masa. Hajiya ta aiko a kira ni. Ta yi mini magana mai daɗi, ta ce abin da ya wuce ya wuce, yanzu ai na san ƙofarta a buɗe take. Ta ce ni kaɗai ce mai goyo, gobe in zo da shi a gwada.

Na ce to.

A gida na kwantar da shi na duba bayan gwiwoyinsa. Ciwon ya warke, ya bar baƙin tabo mai sheƙi. Ko tafiya bai gama iyawa ba, yana kama bango yana sakewa. Na ce wa mijina gobe ya nemo man babur ya kai mu Zermu, yaye zan yi. Ya dube ni ya ce lokaci bai yi ba. Na ce na sani. Ya fita duba tayar babur.

Inna ta karɓe shi da murna, tana ta yi masa tsiya, wai ga miji ya dawo gidan matarsa ta gaskiya. Ta ce da sauran hankali a jikina ashe, tun da har na iya rabuwa da shi da wuri. Ta dama masa kunu. Na bari sai da ya juya baya yana bin wata kaza da rarrafe, sannan na fita. Ban waiwaya ba, kowa ya yaba.

Na koma aiki bayana wayam. Hajiya ta leƙo ta ce, "Ina mutumin?"

Na ce, "An yaye shi, Hajiya."

Ta tsaya kallona, ta yi tsaki kaɗan, ta wuce bayan gida. Gwaggo ta miƙo mini zare ba tare da na roƙa ba, karo na farko tun ranar baje koli. Na ci gaba da taka keke, nono ya cika yana mini zogi, gaban rigata ya jiƙe na rufe da gyale. Ta taga ina jin muryar Hajiya wajen tukwane, tana tambayar ƙaramin marini ko amaryarsa ta sauka. Ya ce ta sauka, namiji, har an yi arba'in.

Da aka tashi sallar azahar na zagaya baya, na gaishe shi, na yi masa barka, na tambaye shi unguwar da suke.